Rabin Karatun Malam Gazali

An rufe zauren karatun gidan marigayi Malam Junaidu da ke Ƙofar Atiku a birnin Sakkwato, an kuma hana ɗansa, Malam Gazali, zama a kan buzun da ya gada. Wanda ya sa kwaɗon shi ne ƙanen marigayin, Malam Abdulshakur, babban gidan a yanzu, wanda kowa ke kira Baffa. Ya rufe shi ne ranar Laraba bayan azahar, kashegarin ranar da gidan rediyon Muryar Gulbi ya katse wani shiri da Gazali ke magana a cikinsa kan manufofin Amurka a yankin Sahel.

Ba a taɓa lafiyar kowa ba, ba a kuma fasa komai ba. Sai dai tsofaffin unguwar sun ce tun da aka gina zauren ba su taɓa ganinsa a kulle da rana ba.

Gazali mutum ne mai aiki biyu. Da safe yana koyar da siyasar ƙasa da ƙasa a wata babbar makaranta a cikin gari. Bayan la'asar yana tasowa daga gidansa da ke Gidan Dahala ya zauna a zauren mahaifinsa, inda teloli da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati ke zuwa da littattafansu. Ɗalibi ya biya Larabci, shi kuma ya juya masa da Hausa. Zauren yana da ƙa'ida tun zamanin marigayin. Ana fassara marubuci da bakinsa, kamar shi ne a zaune yana magana, kuma ba a yi masa gyara ko raddi sai ya kai ƙarshen zancensa, ko da kuwa ɓata ne tsantsa. Duk wanda ya yi gaggawar cewa "amma", sai a ce ya jira.

Abin da ya kai shi rediyo wata maƙala ce da wani tsohon jami'in tsaron Amurka ya rubuta da Turanci. Tun bayan ficewar sojojin Amurka daga Nijar ake ta muhawara a majalisun gari, wasu na cewa za su dawo ta wata ƙofa, wasu na cewa gara su dawo ɗin, tunda 'yan bindiga sun hana ƙauyukan kan iyaka sakat. Guntayen maƙalar suna yawo a wayoyi, kowa da irin fassararsa. Balkisu Tambari, mai gabatar da shirin Daga Nesa duk ranar Talata da hantsi, ta roƙi Gazali ya zo ya warware wa jama'a. Ya ce zai zo, amma sai an ba shi zama biyu, na farko don fassara matanin maƙalar, na biyu don raddi. Ta amince nan take.

A zaman farko ya ce, "Marubucin ya ce," sau ɗaya, kamar yadda yake yi a zaure, sannan ya shiga karatu.

"Tun da sojojinmu suka bar Nijar ba mu da ido a wannan yanki. Masu ɗauke da makamai suna ƙetare iyaka yadda suka ga dama, gwamnatocin wurin kuwa sun kasa tsare ƙauyukansu. Idan muka tsaya kallo, wasu manyan ƙasashe za su cike gurbin, kuma abin da ke cin ƙauye yau zai iso ƙofarmu gobe. Ba ma bukatar sansani. Jirage marasa matuƙa sun ishe mu, da wanda zai nuna mana wuri."

Haka ya ci gaba har ƙarshen shirin, cikin Hausa mai tsabta, ba gargada. Daga baya Balkisu ta ce ta karanta maƙalar da Turanci ba ta ji ta da ƙarfi ba, sai da ta fito daga bakinsa. Lokaci ya ƙare saura sashe ɗaya. Ya ce mako mai zuwa za a ƙarasa, sannan a duba ko maganar tana da ƙafar tsayawa. Amma lokacin da yake faɗin haka kiɗan rufe shiri ya riga ya hau kan muryarsa.

Kafin magariba wani ya yanko wurin da ya ambaci jirage, ya haɗa da hotonsa da tutar Amurka, ya saki. Washegari babu gurup ɗin waya a Sakkwato da bai shiga ba.

Ranar Alhamis rabin masu karatu ne suka zo zauren. A ƙetaren titi wasu samari sun jingina da baburansu, suna kallon ƙofa, ba su yi sallama ba, ba su kuma tafi ba. Jelani, mai shagon kayan babur a Sabon Gari, wanda ya daɗe yana karatu a wurin, ya zauna da littafinsa a rufe har layi ya zo kansa.

"Allah shi gafarta Malam, ni yau ban zo biyawa ba," in ji shi. "Ni na san yadda ake karatu nan. Na san ba maganarka ba ta. Amma tsohuwata ba ta sani ba. Tana ƙauye da rediyonta, tak kira ni tac ce, Jelani, malaminku na ka kiran jirage?"

"Ka ce mata ta jira Talata."

"Wa ka jiran Talata, Malam? Mu nan muna jira don mun san in mun dawo muna iske ka zaune inda munka bar ka. Wanda yaj ji ka cikin mota, ko bakin shago, ya ji ya wuce. Shi ke nan abin da yas samu."

Wani tsohon tela da ke gefe ya ce, "Kai Jelani, kai da ko babin alwala ba ka bari an kai ƙarshe ba sai da kac ce amma."

Wasu suka yi dariya, gajeriya. Jelani bai yi ba.

"Kalma guda muke so, Malam. Ka ce ba ka yarda da shi ba. In ɗauka da wayata yanzun nan, in saki, kowa shi huta."

"Ban kai ƙarshen maganarsa ba. In na yanke masa hukunci tun yanzu na ci amana."

"Amanar Ba'amurke?"

"Amanar karatu. Ranar da na fara zaɓen wanda zan bari ya gama magana, ku ma ba ku da tabbacin abin da nake fassara muku."

Jelani ya ɗauki littafinsa, ya yi sallama kamar yadda aka saba, ya fita. Samarin da ke ƙetaren titi suka tare shi da tambaya. Daga cikin zaure ana ganinsa yana girgiza kai.

Ranar Asabar da safe wasu manoma uku suka yi sallama a ƙofar gidansa a Gidan Dahala. Babbansu, wani dattijo mai suna Gambo, yana riƙe da zabi biyu ɗaure a ƙafa. Daga wani ƙauye suke a arewacin jihar. Bayan gaisuwa mai tsawo Gambo ya ajiye zabin, ya matso.

"Malam, mun ji ka ga rediyo. Bana gonakinmu na daji ko gatari ba mu kai musu ba. Gero bai wuce na bayan gida ba. 'Yan bindigar ga mun san inda suke kwana, mun san rijiyar da suke sha. Kac ce ana biɗar wanda ka nuna wuri. To ga mu."

Gazali ya tashi ya tura ƙyauren gidan, ya dawo.

"Baba, wa ya san kun zo nan?"

"Duk gari. Bakin masallaci munka yi shawara."

"Ba ni na ce ba. Wani mutum ne can a ƙasarsu ya rubuta, ni fassara na yi. Ba ni da jirgi, ban san mai jirgi ba. Don Allah in kun koma ku faɗa a wurin da kuka yi shawarar, da ƙarfi, kowa ya ji. Ku ce kun zo ba ku samu komai ba."

Gambo ya dube shi na ɗan lokaci.

"To kai mi kac ce? Su zo ko kar su zo?"

"Ban kai nan ba tukuna."

"Ba ka kai ba." Gambo ya juya ga abokan tafiyarsa. "Kun ji, bai kai ba. Mu ko sun kai gare mu tun bara."

Suka tashi. Gazali ya bi su da zabin har bakin titi, Gambo ya ce abin da aka kawo wa malami ba ya komawa.

Wani maƙwabci ya ga shigarsu da fitarsu. Zuwa Lahadi maganar da ke yawo ita ce mutanen ƙauye na yin layi a gidan Gazali suna ba da sunayen wurare. Wannan maganar ce ta isa kunnen Baffa, ya aika a kira shi.

Baffa ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, ba ya fita sai masallaci. Shi da marigayin ne suka koyar da Gazali tun daga farko. Gazali ya tuɓe takalmi a bakin ɗaki, ya durƙusa ya gaishe shi, ya zauna a ƙasa.

"Gazali, zauren ga naka na?"

"A'a, Baffa. Na gida ne."

"Jiya limamin unguwa yaz zo. Shekaranjiya mai unguwa. Yaran da ka tsayuwa bakin hanya, an ce mani ba 'yan unguwar ga ba na. Akwai mata cikin gidan ga, akwai littattafan ubanka da na kakanka. Talata in ka buɗe baki, da raddi za ka fara. Ka ce ba ka tare da mutumin, sannan ka yi duk bayanin da ka so."

"Baffa, kai ka hana ni haka. Ina yaro na katse wani marubuci, ka rufe littafin, ka ce in tashi."

"Na hana ka cikin zaure, gaban mutanen da nis san ubanninsu. Ban koya maka karatu ga iska ba."

"Saura sashe ɗaya, gajere ne. Kuma raddin a kansa ya tsaya. A nan ne mutumin ya faɗi abin da ke rushe maganarsa da bakinsa. In na tsallake shi, zagi kawai zan yi, kowa ma ya iya zagi."

Baffa ya daɗe yana jan tasbihi.

"Na hwaɗa maka," ya ce. "In ka saɓa, ina rufe shi."

Ranar Talata mutane sun taru a bakin ƙofar gidan rediyon tun kafin lokacin shirin. Ba su da yawa sosai, amma sun isa su sa mai gadi ya rufe babbar ƙofa ya bar ƙarama. Shugaban tashar, Alhaji Illo, ya kira Gazali da Balkisu ofishinsa. Wayoyinsa biyu suna ta ƙara a kan tebur, bai ɗauka ba.

"Dakta, ni ɗan kasuwa ne," in ji shi. "Masu talla biyu sun janye. An kira ni daga sama an tambaye ni ko tashata ta koma ofishin jakadanci. Ka shiga ka wanke kanka, ka wanke ni, mu rabu lafiya."

"Zan yi, Alhaji. Bayan na ƙarasa sashen."

"Ikon Allah. Balkisu, ke kika kawo shi, ki yi masa magana da yarenku na 'yan boko."

Balkisu ta ce akwai mafita. Malam ya karanta sashen da sauri, amma kowace jimla ya buɗe ta da "in ji marubucin", yadda ko an yanka ba za a iya raba maganar da mai ita ba. Daga nan sai raddi har ƙarshen shiri, ba talla, ba kiran waya. Gazali ya ce wannan bai saɓa ƙa'ida ba, ya yarda. Alhaji Illo ya ce zai tsaya da kansa kusa da mai kula da na'ura, kuma in ya ji abin da bai gamshe shi ba, ba zai nemi shawarar kowa ba.

Balkisu ta rubuta kalmomin da manyan baƙaƙe a takarda, ta jingina ta da kofin ruwa a gabansa. Fitilar ɗakin ta yi ja, alamar an fara watsa shirin. Ta gabatar da shi, ta nanata sau biyu cewa fassara ce yake yi. Ya gyara tabarau.

"In ji marubucin, dole a faɗi gaskiya game da abin da wannan shiri zai ci. In ji marubucin, babu yaƙin da ake yi daga sama ba tare da kuskure ba. In ji shi, bayanan da za a samu daga ƙasa ba duka ne za su inganta ba."

Balkisu ta gyaɗa kai. A bayan gilashin ɗakin na'ura Alhaji Illo ya sauke hannunsa daga kafaɗar mai na'ura.

Sai Gazali ya juya shafi. Kansa ya sunkuya, yatsansa ya hau kan layi, jikinsa ya fara ɗan rangaji gaba da baya, kamar yadda duk wanda ya taɓa zama a zaurensa ya san shi. Muryarsa ta daidaita.

"Za a kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Jirgi ba kullum yake bambance bukkar ɗan bindiga da rumbun manomi ba. Wannan asara ce da za mu iya ɗauka, domin ba 'ya'yanmu ne a ƙasa ba."

Balkisu ta ɗaga takardar tana kaɗawa. Bai ɗago ba. Ta ƙwanƙwasa tebur da biro. Ta buɗe baki za ta shiga maganar, amma kafin ta furta komai fitilar ta mutu. A rediyoyin gari tallar taki ce ta biyo baya.

Gazali bai lura ba. Ya karanta jimlar ƙarshe, inda marubucin ke cewa ranar da wahalar aikin ta fi amfaninsa ga Amurka, sai a tattara a tafi. Ya ajiye takardar, ya cire tabarau, ya ce, "To, marubuci ya gama. Yanzu saura mu." Ya ce mutumin ya faɗa da bakinsa cewa ba don mutanen yankin zai zo ba, kuma ba zai zauna ba. Ya ce wanda ya nuna wuri shi zai kwana a ƙauyen bayan jirgi ya koma. Ya ce duk da haka manomin da aka raba da gonarsa yana da haƙƙin ya tambayi wa zai tsare shi, kuma zagin Amurka ba amsa ba ce gare shi.

"Malam," in ji Balkisu. "An kashe."

"Tun yaushe?"

"Tun da ka ce 'ya'yanmu."

Ya dubi gilashin. Alhaji Illo ba ya nan. Mai na'ura ya ce an umarce shi ya rufe komai, har da ɗaukar sauti, don haka babu abin da ya rage na raddin. Hayaniyar bakin ƙofa ta fara shigowa har cikin ginin. Aka fitar da Gazali ta ƙofar baya a motar Balkisu, yana kwance a kujerar baya, babbar rigarsa a kan fuskarsa. Da azahar tashar ta sanar da dakatar da shirin Daga Nesa har sai abin da hali ya yi. Sabon guntun muryar da aka yanko, mai maganar rumbun manomi, ya fi na farko gudu.

Ran nan bai je zaure ba. Samarin ƙetaren titi sun ƙaru, wani ya rubuta wata kalma da gawayi a bangon gidan, matan gidan suka wanke. Washegari Baffa ya sa aka riƙe masa hannu har bakin zauren. Ya sa aka kwashe littattafan aka shigar cikin gida, aka naɗe buzun, ya datse kwaɗon da hannunsa. Ya ce wa mutanen da suka taru babu karatu a nan sai an ji daga gare shi. Samarin suka hau baburansu suka watse.

Gazali ya zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ta ƙofar mata. Bai roƙi a buɗe ba. Ya roƙi Baffa ya saurari maƙalar gaba ɗaya, daga farko har raddi. Baffa ya yarda. Wanda ya kai musu ruwa ya ce tsohon bai katse shi ko sau ɗaya ba.

Da ya gama, Baffa ya ce, "Karatu ya yi. Raddin ma ya yi. Da ubanka na da rai da ya ji daɗinsa."

"To Baffa, zauren fa?"

"Ni kaɗai nij ji shi, Gazali. Ni ko ba ni ka tsayuwa bakin hanya ba."

Balkisu ta nemi Alhaji Illo ya ba da fili a sake ɗaukar raddin a watsa, ya ce ta bari ƙura ta lafa. Jelani ya aiko cewa har yanzu wayarsa na nan in Malam ya shirya. Gazali ya amsa cewa ya shirya, amma sai an haɗa da matanin gaba ɗaya. Jelani ya ce ba mai sauraron abu mai tsawo haka a waya. Shi da wasu mutum huɗu sun mayar da karatunsu wani zaure a cikin gari. Sauran suna jira.

Baffa ya ce ba zai yanke hukunci shi kaɗai ba. Zai tara manyan gidan idan Kabiru, babban wan Gazali, wanda ke aikin gwamnati a Abuja, ya zo. An kira Kabiru an shaida masa. Bai faɗi ranar da zai zo ba, bai kuma faɗi ɓangaren da yake ba.